Inshorar Aglaia da Ƙafar Kawu Neculai

Lunca Morii, 9 ga Oktoba, 2011

Zuwa ga ƙanwata Mioara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a Padova. Mu nan lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ya hana mutane kwashe masara. Maigidana Costache yana gaishe ki, ciwon bayan nasa ya ɗan lafa.

Na ɗauki biro ne saboda ranar Laraba kin kashe min waya ban gama magana ba, na sake kira sau uku kika ƙi ɗauka. Zan ba direban motar kaya ta ranar Juma'a wannan takarda, in ya so ki karanta a tsanake.

Abin da kika ji haka ne. An yanke wa babanki, Kawu Neculai, ƙafar hagu ƙasa da gwiwa, a asibitin birni. Ya farfaɗo, yana cin abinci, jiya har ya yi faɗa da mai shara don ta taɓa masa hula. Kin san tun watan Yuli ƙusa ta soke shi a garken aladu, kuma mai ciwon suga ba ya wasa da rauni a ƙafa. Kullum in na tashi daga ɗakin shan magani sai in biya ta gidansa in wanke, in sa magani, in ɗaure. Ban taɓa fashi ba, har Lahadi. Da na ga wajen ya soma baƙi na ce masa, "Kawu, wannan ya fi ƙarfina, mu tafi asibitin Vaslui." Ya ce, "Matata da ƙafarta ta shiga asibitin nan, a akwati aka dawo min da ita. Ke dai ɗaure ki tafi gida, mijinki yana jiran tuwon masara." Haka muka yi ta fama har ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, muka ɗauke shi bai san inda yake ba.

Mioara, tun daga ranar abinci ba ya min daɗi. Laifina ne. Da na sani, da tun watan Agusta na sa maza sun ɗaure shi da igiya sun jefa a mota, ya yi ta zagina har mu isa.

Za a sallamo shi nan da mako biyu ko uku. Zan ci gaba da duba dungun, kada wannan ya dame ki.

Yayarki,
Aglaia

Padova, 21 ga Oktoba

Yaya Aglaia,

Na samu takardarki. Ina lafiya, in dai wannan ake kira lafiya. Tsohuwar da nake jinya ma tana nan, tana kiran sunan matattu tana tofar min da miya. A gai da Costache.

Wata uku, Yaya. Wata uku ina kiranki duk Lahadi kina ce min ɗan ƙaramin ciwo ne. Baba kuwa in an kai masa waya ba abin da ya iya sai "lafiya lau, ajiye wayar haka nan". Shekara goma sha ɗaya ina wanke tsofaffin wasu a ƙasar wasu, hankalina kwance saboda na bar ubana a hannun nas, kuma jinina. Ranar da kika kira, ba da niyya na kashe wayar ba, suɓucewa ta yi ta faɗi a ƙasan kicin. Daga baya kam ƙin ɗauka na yi.

Amma ƙafa ta riga ta tafi, faɗa ba zai dawo da ita ba. Ga abin da ya sa na rubuto. Ɗan tsohuwar nan lauya ne. Na fassara masa takardarki, ya ce in adana ta da kyau. Ya ce ba nas ɗin da ke aiki babu inshora, ko nan ko can gida, kuma amfaninta ke nan, in an yi kuskure kamfani ya biya. Ke da kanki kin rubuta laifinki ne. To ki sake rubuta hakan a takardar hukuma ki sa hannu. Ba daga aljihunki zai fita ba. Shekara da shekaru kina zuba wa kamfanin nan, me suka taɓa tsinana miki? Da abin da za su bayar sai a yi wa Baba ƙafar roba ta kirki, a gina masa banɗaki a cikin gida, ni kuma in tattara in dawo in riƙe shi.

Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito. Ban taɓa roƙonki komai ba sai yau.

Na sa miki gahawa ƙunshi biyu da man zaitun a cikin kwalin da na ba direban motar kaya.

Ƙanwarki,
Mioara

Lunca Morii, 4 ga Nuwamba

Mioara,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. An sallamo Kawu ranar Talata, dungun yana kamewa, waje ɗaya ne kawai ke ɗan ruwa.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ashe kukan da na yi miki, lauya kika kai wa. Da na ce laifina ne, irin wanda uwa ke faɗa nake nufi in ɗanta ya faɗo daga bishiya. Ban ba shi maganin da ba nasa ba, ban taɓa ciwonsa da hannu mai datti ba. Abin da na kasa shi ne fin ƙarfin dattijo mai shekara saba'in da shida a cikin gidansa.

Bari in koya miki aikina, tunda lauyanki bai sani ba. Inshorar nan ba asusun taimakon dangi ba ce. Takarda ce da nake sabuntawa duk shekara, in babu ita ƙungiyar ma'aikatan jinya ba za ta buga min hatimin izinin aiki ba. Kamfani ba ya biya don nas ta ce ta ji tausayi. Sai an kai ƙara, kwamiti ya zauna a birni, an tabbatar na cuci mara lafiya, an rubuta a fayil ɗina. Wato in tsaya gaban likitoci in ce ni Aglaia na ruɓar da ƙafar mutum. Shekarata ashirin da takwas a aikin nan. Rabin mutanen Lunca ni na yi musu rigakafi suna tsumma. Gobe wace uwa za ta miƙo min jaririnta? Sannan ita inshorar, aikin da na yi a ɗakin shan magani da umarnin likita kawai ta sani. Zuwan da nake yi gidan Kawu da yamma, da audugata da bandejina, wannan zumunci ne, ba ya cikin takardar kowa.

Kin ce ba ki taɓa roƙona komai ba. Shekara goma sha ɗaya wa ke auna masa suga? Wa ya tsaya aka binne innarki, kina can kina jiran takardun zama?

Akwai abin da na sani game da ƙafar nan. Na yi rantsuwa ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba.

Gahawarki tana cikin kwalin da na mayar. Man zaitun na kai wa Kawu.

Aglaia

Padova, 18 ga Nuwamba

Aglaia,

Na ga gahawata ta dawo. Ina lafiya.

To yanzu magana ta fito. Kin yi wata uku kina jinyar mai ciwon suga ba a rubuce ba, ba da umarnin likita ba, kuma da bakinki kin ce akwai abin da kike ɓoyewa. Wa kika rantse wa? Likita Ciobanu, maigidanki a wajen aiki? Ku biyu kuka haɗa baki kuna rufa wa juna asiri? Ke fayil ɗinki kike ji, ni ubana yana jan gindi zuwa masai a bayan gida, ga hunturu ya ƙarato.

Batun Inna kuwa, ban taɓa zaton za ki yi min gori da gawa ba. Kin fi kowa sanin cewa da na fito a shekarar, da ba a bar ni na koma ba.

Na ba ki zuwa Kirsimeti. Ko ki sa hannu cikin mutunci, ko in bar lauya ya yi aikinsa. Takardarki ta farko tana wurina, da rubutun hannunki.

Mioara

Lunca Morii, 9 ga Disamba

Mioara,

Ina gaisuwa. Dusar ƙanƙara ta fara sauka. Kawu yana samun sauƙi, ya koyi tafiya da sanduna daga gado zuwa murhu.

Maganar innarki da na yi, ban kyauta ba. Na janye.

Ba likita na rantse wa ba. Ki zo Kirsimeti ko kwana huɗu ne, za mu yanka alade ranar ashirin. Ki zauna gaban babanki ki tambaye shi da bakinki, ina wajen. In ya sake ni daga rantsuwar za ki ji komai. In bayan nan har yanzu kina son kai ƙara, ki kai.

Amma ki san abu ɗaya kafin ki yi. Ranar da ƙara ta shiga, kamfanin inshora zai hana ni kusantarsa. Kuma ba wata nas a ƙauyen nan sai ni.

Aglaia

Padova, 10 ga Janairu, 2012

Aglaia,

Barka da sabuwar shekara, ko da yake ban ga alamar kina bukatar gaisuwata ba. Mako bakwai ina zuwa inda motar kaya ke tsayawa duk Lahadi, ina daskarewa cikin sanyi, kowa ya karɓi kwalinsa ya tafi, ni ko layi ɗaya babu. Na gane amsarki.

Na ɗauki lauya a Vaslui. An shigar da ƙara ranar biyar ga wata, tare da kwafin takardunki biyu. Ba ni na zaɓi wannan hanyar ba.

Mioara

Lunca Morii, 3 ga Fabrairu

Mioara,

Ina fatan kina lafiya, tunda kin samu abin da kike so. Takardarki ta zo kwana biyu bayan ta hukuma. Ke nan wadda na rubuta miki a Disamba ba ta iso ba, ko kuwa ta iso kin jefa a shara. Ba ni da hanyar sani tunda ba kya ɗaukar waya.

Kamfanin inshora sun kira ni ofishinsu. Wani mutum da ko kallon fuskata bai yi ba ya ce daga yau kada in shiga gidan mai ƙara, kada in taɓa shi, kada in yi magana da danginsa, in ba haka ba su janye lauyansu in tsaya ni kaɗai. Na ce masa ni ma danginsa ce. Ya ce wannan ba ya cikin fom. Wannan takardar da nake rubuta miki ma laifi ce a wurinsu.

Duk da haka na je na faɗa wa Kawu da kaina. Ya ce, "Wane ɗan banzan ne ya kai ki ƙara?" Na ce, "Kai ne, Kawu, sunanka ne a sama." Ya ce, "Ni? Ni da ban leƙa ƙofar gida ba tun kaka?" Na ce ya tuna takardar da wani lauya ya kawo masa bayan Kirsimeti ya sa hannu. Ya ce, "Mioara ta ce ta neman ƙafar roba ce." Sai ya juya fuskarsa bango. Haka na bar shi.

Yanzu maƙwabciyarsa Profira ke ɗaure masa. Shekararta saba'in, idonta ɗaya ba ya gani, hannunta yana rawa. Ta tare ni a kanti ta ce dungun ya buɗe ta gefe, yana fitar da ruwa mai launin ƙasa, me za ta yi? Na ce ta kira likita. Likita kuwa sau biyu a mako yake zuwa, in dusar ƙanƙara ta bar hanya ta buɗe. Mako biyu ke nan ba ta buɗe ba.

Ki yi wa lauyanki fassarar wannan ma.

Aglaia

Padova, 17 ga Fabrairu

Aglaia,

Lafiyata ba ta da amfani yanzu. Yaya Baba? Likita ya samu zuwa?

Takardarki ta Disamba ta iso ranar Lahadin da ta wuce. Direba ya cusa ta a kwalin wata mata da ke Verona, ita kuma ta tafi hutu gida, sai yanzu ta dawo da ita. Na karanta a bakin titi. Da ta zo a kan lokaci, da na zo Kirsimetin.

Na kira lauya na ce a janye. Ya ce ko na janye tawa, ƙungiyarku ta riga ta buɗe nata binciken, ba mai tsayar da shi. Ya ce tunda haka ne gara a bari a ƙarasa. Na bari.

Ban yi wa Baba ƙarya ba, ai don ƙafar robar nake yi. Ke kuma da tun farko kin buɗe baki kin faɗi abin da kika sani, maimakon ki yi ta ja min rai da rantsuwa, da duk ba a zo nan ba. Kada ki ɗora min ni kaɗai.

Mioara

Lunca Morii, 20 ga Afrilu

Mioara,

Barka da Ista. Kawu yana raye. An sake kwantar da shi kwana tara a watan Maris, aka kankare dungun, bai kai ga ƙarin yanka ba. An gama zaman kwamiti, yanzu ba wanda zai hana ni rubuta miki, kuma ina so ki ji daga bakina kafin lauyanki ya gyara miki labarin.

Mutum biyar ne a kan tebur. Lauyanki ya karanta takardata da ƙarfi, ya maimaita "laifina ne" sau uku, yana kallona. Ana cikin haka aka turo ƙofa, sai ga Costache yana turo Kawu a keken guragu. Ban san sun shirya ba. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, an naɗe ƙafar wandon da allura.

Shugabar zaman ta ce, "Baba, ai kana da lauya." Ya ce, "Na 'yata ne. Ni bakina bai ruɓe ba tukuna." Sannan ya faɗa musu abin da na ɓoye. Kullum in na ɗaure na tafi, sai ya kwance bandejin, ya zuba barasar da yake dafawa a kan ciwon, ya manna ganyen kabeji da kitsen alade, ya zura takalmin roba ya koma garke. Kafin in zo da yamma ya mayar da bandejin. A watan Agusta na kama shi. Ya ja ni gaban hoton Maryamu da ke kusurwar ɗakinsa, ya sa na rantse ba zan gaya miki ba. Aka ce don me? Ya ce, "Bara 'yata ta ce ranar da na kasa kula da kaina za ta kai ni gidan tsofaffi. Gara in rasa ƙafa a gidana."

Shugabar ta juyo gare ni ta ce, "Da ya ƙi zuwa asibiti, kin rubuta? Ya sa hannu? Kin sanar da likita a rubuce?" Na ce a'a. Ta ce don me? Na ce kawuna ne, ban saba ce wa kawuna ya sa min hannu ba.

Ga hukunci. Ba su same ni da laifin ɓata ƙafar ba, don haka kamfani ba zai ba ku komai ba. Amma ƙungiya ta same ni da laifin jinya ba a rubuce ba, ta dakatar da ni wata uku. Inshorata za ta ƙare ƙarshen watan nan, kamfanin sun ce ba za su sabunta ba. Na gwada wasu biyu, duk fom ɗinsu yana tambaya ko an taɓa kai ni ƙara, sun ce in jira za su duba. Likita Ciobanu ya ce ba zai iya jira ba, ya ɗauko wata daga birni. Ranar Litinin na kwaso kofina da farar rigata.

Ba ki samu ƙafar roba ba, ni ban tsira da aikina ba. Sai ki gaya min wa ya ci.

Aglaia

Lunca Morii, 14 ga Mayu

Yaya Aglaia,

Ina gaisuwa, da Costache. Kin san na dawo, kin gan ni a coci kin kau da kai. Gida bakwai ne tsakaninmu, amma Profira zan ba ta kawo miki, don ba ni da fuskar tsayawa a ƙofarki.

Na bar aikin. Sun riga sun sa wata a gadona. Baba ba ya min magana sai "rufe ƙofa" da "ina gishiri". A kanti in na shiga mata sai su yi tsit.

Sabuwar nas motar ƙarfe biyu take bi ta koma birni, kuma ta ce ba ta shiga gidan kowa sai da takardar likita, balle wannan gidan. Na iya wanke tsoho, na iya juya shi a gado, amma dungun nan ya gagare ni. In na ɗaure sai ya zame kafin azahar. In na matse sai wajen ya yi shuɗi. Tun jiya ina jin wani wari, ban sani ba ko daga ciwon ne ko tsoro ne ya sa nake ji.

Ba gafara na zo nema ba, na san ba yanzu ba. Har gobe ina ganin ya kamata ki gaya min tun Agusta. Amma ki zo ki duba shi.

Mioara

Lunca Morii, 14 ga Mayu, da yamma

Mioara,

Profira ta kawo. Muna lafiya. Costache ya ce kada in amsa.

Ba zan taɓa shi ba. An dakatar da ni, ba ni da inshora, in na sa masa hannu yanzu izinin nawa gaba ɗaya za a karɓe. Ko ba don haka ba, ban shirya shiga ɗakin da kike ciki ba.

Ki tafasa ruwa ki bar shi ya huce. Ki yanke farcenki, ki cire zobe. Ki jawo gadonsa kusa da taga inda haske yake, ki ajiye kujera ɗaya a bakin ƙofar ɗakin, daga waje. Gobe ƙarfe huɗu zan zo in zauna a kai. Ni zan faɗa, ke za ki yi. In warin daga ciwon ne, daga ƙofar ma zan ji, sai Costache ya kawo mota, kuma wannan karon ke za ki fi ƙarfin babanki, ba ni ba. In amai ya taso miki ki fita ki yi ki dawo, zan jira.

Za ki yi kuskure a rana ta farko, da ta biyu. Ki yi abinki. Ba wanda zai kai ki ƙara.

Aglaia